Kafin a fara lodin kaka, a kwance ƙafar Fijo a duba

1/ Duk wanda gidansu ke da tsohuwar Fijo 504 akori-kura a ƙauye, ya daure ya karanta zaren nan. Kaka ta kusa, lodi zai kankama. Ni ba inji nake tsoro a motocin nan ba. Inji in zai mutu sai ya yi tari, ya yi hayaƙi, kowa ya shaida. Ƙafa ce ba ta sallama.

2/ Bakanike ne ni, garejinmu yana ƙasar Dambatta. Yawancin motocin da nake shiga ƙarƙashinsu sun girme ni. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna. Lissafa da kanka shekarun da wasu suka yi suna shan gargada.

3/ Kar ka raina ta fa. 504 ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, Ove Andersson ɗan Suwidin ne a sitiyari. A 1978 mai ƙofa biyun ta sake ci. A Turai masu shiga tsere da irin waɗannan tsofaffin motoci sukan kwance ƙafafun lokaci-lokaci su nemi tsaga, alhali ba buhu ko ɗaya suke ɗora musu ba.

4/ Mu kuwa? Gero, dawa, wake da gyaɗa zuwa Dawanau. Da rani tumatur da albasa daga bakin dam ɗin Tomas. Gab da damina taki. Hanyar kuma 'yar siririya tsakanin gonaki, ga rairayi ga zaizaya. A saman buhunan akwai mutane zaune, mata da goyo, yara da kaji a hannu.

5/ Ƙarfe yana gajiya. Ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya. Ba ƙarfinka ke karya ta ba, maimaitawar ce. Haka sandar da taya ke juyawa a kai take: kowane rami lanƙwasa ɗaya ce da ido ba ya gani. Tsagar takan fara kamar silin gashi, ta yi ta ci a hankali, ran nan ta ƙarasa lokaci guda.

6/ Abin ba sabo ba ne. A 1842 sandar ƙafar wani jirgin ƙasa ta karye kusa da Faris, mutane da yawa suka rasu. Daga baya wani injiniyan jiragen ƙasa a Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwaji, ya nuna cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe sau ɗaya ba zai karya shi in an yi ta maimaitawa.

7/ Ga yadda muke yi. A tare tayoyin baya da dutse. A sassauta notika tun mota na ƙasa. A ɗaga da jak, a sa kututture mai ƙwari a ƙarƙashi. Jak kaɗai ba abin yarda ba ne, balle a ƙasa mai rairayi irin tamu. Kafin a cire taya, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, boris ya saki.

8/ A cire taya da kayan birki, a buɗe murfin tsakiya, a kwance babban noti, a zaro hob ɗin. In ya ƙi fitowa, a nemo fula a ja shi a hankali. Kar a bugi bakin zaren da guduma. Kar kuma a gasa da wutar gas har ƙarfen ya yi ja, ƙwarinsa ake kashewa.

9/ A wanke giris ɗin tas, don a ƙarƙashinsa tsaga ke ɓuya. Wurare uku nake fara kai ido: gindin sandar inda boris na ciki ke zama, kewayen ramukan kusoshin taya, sai hannun da ke haɗe da sitiyari. Duk inda ƙarfe ya sauya kauri, nan wahala ke taruwa.

10/ Sai gwajin kananzir da alli, dabarar da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da ita sama da shekara 100 da suka wuce. A shafa kananzir haɗe da ɗan baƙin mai, a bar shi ya jiƙa, a goge ƙarau. A dama dakakken alli da sifirit a shafa, ya bushe. A ɗan ƙwanƙwasa da guduma. In akwai tsaga, man da ya shige cikinta zai fito ya zana layi a kan farin allin.

11/ Gwajin nan tsagar da ta buɗe baki a waje kaɗai yake kamawa. Akwai jan fenti na feshi da aka yi don wannan aikin, ya fi alli gani. Amma alli da kananzir sun fi "ai lafiyarta ƙalau" nesa ba kusa ba.

12/ Bara kawuna ya kawo tasa saboda ƙarar boris, gobe kasuwa. Na shafa alli a ƙafar dama, sai ga layi siriri ya zagaye kusan rabin gindin sandar. Na ce, "Kawu, zo ku gani." Ya duƙa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗan nan, a ɗan ɗiga mata walda mana, mu wuce gobe."

13/ Wallahi na fahimce shi. Ya karɓi kayan mutane, kuɗin makarantar yara na cikin lodin nan. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Walda saman kawai za ta rufe, zafinta kuma ya ƙara raunana wurin. Inna ma a motar nan take zuwa kasuwa." Ranar bai ji daɗina ba, har gaisuwar yamma a daƙile ya amsa.

14/ Kasuwar ta wuce shi, wani ya kwashe kayan. Na shiga Kano na nemo wata ƙafar a Ƙofar Ruwa. Ita ma sai da na yi mata alli kafin na ɗaura, don kayan gwanjo su ma sun yi tasu rayuwar. Tsohuwar kuwa na sa an yanka ta biyu, kar wani ya tsince ta a bola ya sayar.

15/ Wajen mayarwa: sabon giris, noti a ɗaure shi daidai, ba tamau ba, ba sako-sako ba. A yi 'yar tafiya a dawo a taɓa hob ɗin. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba zai iya jurewa ba alama ce.

16/ In mota ta kife muka ce ƙaddara, gaskiya ne, amma ɗaure raƙumi ma an umarce mu da shi. Kai da ke riƙe da waya kana karanta wannan, wataƙila kai kaɗai ne a gidanku za ka gani. Raka Baba gareji satin nan. Tambayi bakanike: yaushe rabon a zaro hob? An wanke an duba gindin sandar? Akwai walda a jiki? Aikin wuni ɗaya ne, kuma ya fi sauƙi yanzu da gero bai zo gida ba. Allah Ya kai mu kaka lafiya.