Na so in kawo teku Funtuwa

Waɗanda suka ga hoton tankin kifin da na saka makon jiya sun yi ta tambayata a inbos: nawa ya ci, wa ya gina, kuma me ya sa babu kifayen nan masu launi irin na talabijin. Na ga gara in zauna in amsa gaba ɗaya. Rubutun zai yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Abin ya samo asali ne daga Jidda. Bayan mun kammala Umara muna jiran ranar tashi, wani abokin tafiya ya ja ni gidan kallon kifi na Fakieh da ke bakin Bahar Maliya, wanda aka buɗe a 2013. Ni ɗan manomin auduga ne, iyakar sanina da kifi shi ne tarwada a miya da ƙarfasa a kaskon suya. Sai ga ni tsaye gaban bangon gilashi, kifi shuɗi kamar an tsoma shi a baba, wani rawaya kamar furen kabewa, ga murjani yana kaɗawa a hankali. A ranar na fara jin cewa murjani dabba ce mai rai. Na fi rabin awa a wuri ɗaya. Kafin jirginmu ya sauka Kano na riga na gina irinsa a zuciyata, a jikin bangon falona.

Da na dawo sai na ɗauki biro da takarda. Tsawo mita 3, faɗi mita 1, zurfi mita 1. Lita 3,000 ke nan, wato jarka 120 irin ta 'yan garuwa. Kowace lita kilo ɗaya ce, saboda haka ruwan kaɗai ya kai tan 3, kwatankwacin buhun masara 30 a jibge a kusurwa ɗaya ta ɗaki, dare da rana, shekara da shekaru. Wannan bai tsorata ni ba, don mun saba da zuba kankare. Gishirin ne ya fara sa ni gyara zama. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Cika tankin sau ɗaya zai ci kilo 105. Kuma gishirin miya ba ya yi, haka ma kanwa ko manda. Gishirin teku haɗi ne da ke ɗauke da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam da wasu sinadarai, da su murjani ke gina ƙashinsa. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma yana bin dala sawu da ƙafa. Sa'annan duk mako biyu ana son a kwashe kashi ɗaya cikin goma na ruwan a zuba sabo.

Duk da haka ban haƙura ba. Na ce bari in fara da ƙarami in koyi hannu. Na sayi akwatin gilashi mai cin lita 200, na samo ruwan da aka tace da injin irin na masu fiya wata, domin ruwan burtsatse yana ɗauke da abubuwan da ido ba ya gani. Na yi odar gishiri, da famfo, da kifi biyu masu ruwan lemo da fararen zane, waɗanda yara ke kira Nemo saboda fim ɗin katun na 2003. A cikin leda mai iska suka kwana a mota daga Legas, suka iso da rai.

Wata uku suka yi a gidana, kuma a wata ukun nan na koyi abin da ban taɓa sani ba game da garinmu. Na san hunturunmu da bushewa, amma ban san ƙarfinta ba sai da na ga ruwan tankin yana sauka kullum. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka kowace safiya ruwan ya fi na jiya zartsi, dole a ƙara tataccen ruwa mara gishiri. Kifin murjani yana son ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 27, ba ya son hawa da sauka. Mu kuwa a Janairu da asuba sai da bargo, a Afrilu da rana ɗaki kamar tanda. A teku ruwa mai yawa ne ke shanye wannan bambanci. A akwati kuwa injin ne ke shanye shi, injin kuma wuta yake ci.

Wani dare a ƙarshen Maris aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare wajen ƙarfe biyu muna barci. Famfo ya tsaya. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, mai gishiri kuma ya fi rashin riƙewa. Da na fito sallar asuba na haska tocila, na tarar da ɗaya a ƙasa ya kife, ɗayan a sama yana buɗe baki yana rufewa a hankali. Kafin in tayar da janareta ya bi ɗan'uwansa. 'Yar autata ce ta tsamo su da cokalin miya, ta ɗora a murfin roba, ta tambaye ni: "Baba, a gidansu ma haka ake ɗauke musu wuta?"

Tambayar ta zauna mini a rai. Malamai suna yawan tuna mana labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk wanda ya sa rai a keji ko a akwati ya ɗauki nauyinsa gaba ɗaya, har numfashinsa. Daga baya ma na karanta cewa yawancin nau'o'in kifin ado na teku kamo su ake yi daga inda suke rayuwa, musamman a Indunusiya da Filifin, kuma akwai masu fesa guba a cikin murjani don kifin ya suma su ɗauka. Irin nawa dai ana iya ƙyanƙyasarsa a gona, amma da yawa daga waɗanda na yi burin zubawa a babban tanki ba haka suke ba.

Akwai kuma tambayar da kawuna ya yi mini, wadda ta ƙarasa kashe maganar. Kawu yana kiwon tarwada a bayan gidansa a Malumfashi, tankunan bulo huɗu, kuma ruwan da yake saki daga cikinsu shi ke shayar da alayyafo da yakuwarsa har rani. Da na gama zayyana masa lissafina, sai ya ce: "To ɗana, wannan lita ɗari ukun da za ka riƙa zubarwa duk sati biyu, ina za ta?" Na yi shiru. Ruwan gishiri ba ya shiga lambu. In ka zuba a kwata zai gangara fadama, in ka haƙa rami zai nemi rijiyar maƙwabci. A shekara kusan kilo 270 na gishiri ke nan zan riƙa juyewa a ƙasar da kakannina suka noma dawa da auduga, ƙasar da masararta ke cika kasuwar Dandume. Wanda ke zaune a bakin teku yana da inda zai mayar da wannan ruwa. Ni ba ni da shi.

Ba ina cewa ba zai yiwu ba ne. Mai kuɗin da zai kafa sola mai ƙarfi da injin sanyaya ruwa, ya ɗauki ma'aikaci, zai iya. A Dubai Mall akwai tanki mai lita miliyan 10. Amma ko a inda wuta ba ta ƙiftawa ruwa ba ya wasa: a ranar 16 ga Disamba 2022 babban tankin AquaDom da ke cikin wani otal a Balin ta Jamus ya fashe da asuba, lita miliyan ɗaya ta kwararo titi, kusan duk kifaye 1,500 da ke ciki suka mutu. Ni dai na auna aljihuna da garina, na ga ba aikina ba ne.

Kawu ne ya ce in raka shi dam ɗin Mairuwa, a kan hanyar Gusau, wajen wani tsohon masunci da suka daɗe tare. Mun je da hantsi, jirage sun fara fitowa. Na sha zuwa sayen kifi a wurin, amma kullum idona a kan sikeli da farashi yake. Ran nan na tsuguna gaban wata roba da ruwa a ciki na kalli ƙarfasa da ranta. Jama'a, ƙarfasar da muke gani a tire fara fat ta riga ta rasa kamanninta. Mai rai tana da zane-zane a wutsiya kamar saƙar zanen gargajiya, namijin kuma in lokacin aure ya zo wani ja-ja ke fito masa a jiki. Tsohon ya ga na ƙura ido, ya ce: "Alhaji, ai ba ka ga komai ba. Ka taɓa ganin wadda ke goyo a baki?" Ya ba ni labarin kurungu, wanda wani irinsa ke iyo a rigingine, da minjirya mai jan mutum kamar wayar lantarki, da gaiwa da ke shiga laka in ruwa ya janye, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta yi watanni tana shaƙar iska ta ɗan rami har damina ta dawo. Duk mun san karin maganar gaiwa mai cin jikinta, amma mu nawa ne muka taɓa ganinta tana iyo? Waɗannan kifayen namu fa ana fitar da irinsu daga Legas zuwa Turai da Amurka, masu sha'awa suna saye suna ajiyewa a falo.

Tankin da kuka gani a hoto daga nan ya fito. Na bulo ne cikakke da rodi, a inuwar baranda, a kan daɓen da aka zuba musamman dominsa. Tsawo mita 2 da rabi, faɗi mita 1, zurfi santimita 80, lita 2,000. Na rage zurfin da gangan, don zurfi ne ke ƙara wa ruwa ƙarfin tura bango. A gaba akwai tagogi biyu na gilashi mai kaurin milimita 15, an zaunar da su ta ciki yadda ruwan da kansa zai ƙara danne su a mazauninsu. Don Allah kada wanda ya gwada da gilashin taga na milimita 4 ko 5, musamman a gidan da yara ke wasa. A kula da silikon ma, wanda ake sa wa banɗaki yana da maganin funfuna da ke kashe kifi.

Sabon siminti yana sakin farar ƙasa a ruwa, tana ƙona fatar kifi. Kawu ya sa na cika tankin na jefa guntayen itacen ayaba, ya yi mako biyu, muka zubar, muka wanke, muka sake. Bayan nan sai jira mafi wuya. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, ita ce warin nan da ke tashi in yuriya ta jiƙe a buhu, kuma guba ce gare shi. Akwai wasu bakteriya da ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin zuwa naitiret, wanda shi abincin shuka ne. Ba a ganinsu, a jikin tsakuwa da soson matata suke zama, kuma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyin tanki. Yawancin masu fara kiwo da ke kukan kifinsu ya mutu a satin farko, a nan suke faɗuwa, sai a ce baki ne ko ido. Na haɗa matata da durom na roba, tsakuwa da soso, ƙaramin famfo da fanel ɗin sola ɗaya da batirinsa daban da na gida. Na fara da kifi biyar kacal.

Yanzu akwai ƙarfasa, da kurungu huɗu da ke ɓuya a cikin fasassun tukwanen ƙasa da na jera a ƙasa. Tarwada ban sa ba, don takan haɗiye duk abin da ya shiga bakinta. Ruwan da nake ragewa duk Juma'a yana tafiya kai tsaye gindin gwanda da zogale.

Watan jiya na lura wata ƙarfasa ta daina cin abinci, ta koma lungu, maƙogwaronta ya kumbura. Na ɗauka ciwo ne, na kira Kawu a waya, ya ce in bar ta. Bayan kwana goma sha wani abu, da la'asar, yaran unguwa sun cika baranda sun manna goshi a gilashi, sai ta buɗe baki. 'Ya'ya ƙanana kamar ƙwayar shinkafa suka watso, suka kewaye kanta. Wani yaro ya buga gilashi da yatsa, nan take suka ruga suka koma cikin bakin, ta rufe. Baranda ta yi tsit. Ɗaya daga cikin yaran jikan masunci ne, shi ma bai taɓa gani ba.

Akwai abin da nake nuna musu a taswira in sun zo. Kogin Sakkwato daga nan kusa da Funtuwa yake tasowa. Ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa kogin Kwara, Kwara kuma ta kai shi Tekun Atlantika. Gishirin teku ma mafi yawansa koguna ne suka wanko shi daga duwatsu da ƙasa tsawon zamunna. Wani ɓangare na ruwan saman da ke sauka a gonakinmu a watan Agusta can yake ƙarewa.

Roƙona ga malaman firamare da na sakandare a Funtuwa, Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi: ku nemi ko da ƙaramin akwatin gilashi ne ku ajiye a makaranta, ku zuba kifin dam ɗin da ke kusa da ku, ku gayyato masunci ya faɗa wa yara sunayensu da halayensu tun masu sanin suna raye. Wanda kuma ke shirin gina tanki a gida, na ado ne ko na kiwo, ya yi mini magana kafin ya sayi siminti, zan turo masa awo da hoton matatar. Mai son gani da idonsa kuma, ina gida duk Asabar bayan la'asar, a zo da yara.