Tsohon Jirgin Yaƙin da Ke Hendon

Duk wanda Allah ya kai shi Landan, ina ba shi shawara ya ware wuni guda ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Colindale, ya taka 'yan mintuna zuwa gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Hendon. Ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Jirage sun cika rumfuna, amma wanda ya riƙe ni har ƙafafuna suka gaji shi ne wani baƙin jirgi mai inji huɗu, ƙirar Lancaster, mai lamba R5868. Sojojin da suka yi aiki da shi suna kiran sa "S for Sugar".

An ƙera shi a Manchester a 1942, Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, yana tsakiyarsa. Runduna ta 83 da ke Scampton aka fara ba shi, a lokacin sunansa "Q for Queenie". Fitarsa ta farko a watan Yulin shekarar ne, zuwa tashar jiragen ruwan Jamus ta Wilhelmshaven. Ba a daɗe ba rundunar ta shiga cikin masu share fage, wato waɗanda ke riga kowa isa su jefa wuta mai launi don na baya su gane inda za su saki bom. A 1943 aka miƙa shi ga runduna ta 467, ta 'yan Ostareliya, nan ya sami sunan da ya bi shi har yau.

A gefen hancinsa an zana ƙananan bama-bamai layi-layi, kowane ɗaya yana nufin fita guda. Su 137 ne. Sai ka san abin da ya sami 'yan'uwansa kafin ka gane nauyin wannan adadi. An ƙera Lancaster 7,377, fiye da 3,200 aka rasa a fagen fama, kuma 35 kacal suka kai fita ɗari. Wannan ya je Berlin ya dawo sau da yawa. A Nuwamba 1943 ma ya yi karo da wani Lancaster a sararin birnin cikin duhu, duk da haka matuƙinsa ya lallaɓa shi har Ingila, aka gyara shi ya koma bakin aiki. Kusa da zanen an rubuta cika-bakin da aka jingina wa Hermann Göring, shugaban sojan saman Jamus, cewa jirgin abokan gaba ba zai taɓa ratsa samaniyar ƙasarsu ba.

A lokacin yaƙin, mutum bakwai ke cikinsa kowane dare: matuƙi, injiniya, mai duba hanya, mai sakin bom, mai rediyo, da maharba biyu. Na fi daɗewa a wajen wutsiya, inda maharbin baya ke zama. Wurin bai fi akurkin kaji ba, kuma a nan yaro ɗan shekara ashirin zai takure awa bakwai ko takwas, shi kaɗai, bayansa ga abokansa, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, yana leƙen duhu. Ana buƙatar su yi fita talatin kafin a ba su hutu. Cikin mutum kusan 125,000 da suka tashi a jiragen bom na Ingila, 55,573 ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Na kuma tuna makanikai, waɗanda ba a cika ambata ba. Jirgin da ya yi shekara uku yana shan harsashi bai tsira da sa'a kaɗai ba, akwai hannayen da suka kwana a fili cikin hunturu suna kwance injinansa, ƙirar Merlin, suna ɗaurawa.

Abin da ya fi burge ni da mutanen Ingila shi ne riƙon tarihi. Fitar jirgin nan a rubuce take: rana, gari, sunan matuƙi. Na ga dattijo riƙe da hannun jikansa yana nuna masa ramin da ake loda bom, yaron yana ta jero tambayoyi. Kuma ba su rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba. Bama-baman irin waɗannan jirage a kan gidajen mutane suka sauka. A Hamburg kaɗai, a Yulin 1943, an kashe kimanin mutum 40,000. Ginin tunawa da sojojin jiragen bom da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Green Park a 2012 yana ɗauke da rubutun da ya haɗa da mutanen kowace ƙasa da ruwan bom ya hallaka. Na girmama su a kan wannan, domin ba kowace al'umma ke iya yaba jarumanta tana kuma ambaton waɗanda suka mutu ta hannunsu ba.

Fitarsa ta ƙarshe da bom ita ce ta Flensburg, ran 23 ga Afrilu, 1945. Daga nan aka sa shi jigilar fursunonin yaƙi da aka sako daga sansanonin Jamus zuwa gida. Yawancin Lancaster da suka rage an yanka su an sayar da ƙarfen, shi kuwa aka girke shi a ƙofar sansanin Scampton, inda ya fara aiki, har aka kawo shi Hendon, gidan da aka buɗe a 1972.