Sunan Da Aka Daina Kira

Duk wanda ya yi firamare a zamaninmu ya san fargabar makon biyan kuɗin makaranta. Hedimasta zai shigo aji da takarda a hannu, malam ya ajiye alli, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba su biya ba su tattara littattafansu su fita. Da yawa daga cikinmu mun sha wannan kora. Mun san nauyin idanun 'yan aji a ƙeyarmu, mun kuma san tsawon hanyar gida da hantsi, lokacin da babu kowa a unguwa sai awaki. Amma korarmu tana da magani. Uba zai ranto, ko uwa ta sayar da tunkiyarta, bayan kwana biyu mu koma mu tarar da gurbinmu a kan benci yana jiranmu.

Wannan tsohon miki shi ya motsa mana ran da muka karanta tarihin wasu yara da aka yi wa korar da babu kuɗin da zai janye ta. A ranar 5 ga Satumba 1938, gwamnatin Musolini ta ƙasar Italiya ta fitar da doka wadda ta haramta wa 'ya'yan Yahudawa makarantun gwamnati, ta kuma sallami malamai Yahudawa tun daga firamare har jami'a. Jamus ta riga ta fara taƙaita adadinsu tun 1933, ta kammala korar a watan Nuwamba 1938.

Cikin yaran da dokar Italiya ta faɗa wa akwai Liliana Segre, 'yar birnin Milan, tana da shekara takwas. Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, mahaifinta Alberto da kakanninta suka rene ta. Gidansu ba masu tsananta addini ba ne, har ma ba ta ɗauki kanta daban da sauran 'yan ajinsu ba. Ana cikin cin abinci mahaifin ya shaida mata cewa an kore ta daga makaranta. Sai ta tambaye shi laifin da ta yi. Mun daɗe muna juya wannan tambaya a zuci, domin ita ce tambayar da kowannenmu zai yi. A hankalin yaro, kora hukunci ce, hukunci kuwa sai da laifi. To, da wane baki uba zai gaya wa 'yarsa cewa laifinta shi ne gidan da aka haife ta?

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ya biyo baya. Aka buɗe makaranta, aka kaɗa ƙararrawa, aka kira rajista, aka tsallake suna guda. Liliana ta sha ba da labarin cewa ƙalilan ne cikin ƙawayenta suka neme ta, malamarta kuma ta wanke hannu da cewa ba ita ta yi dokar ba. Gaskiya ta faɗa, ba ita ta yi ba. Sai dai doka ba ta da hannun riƙe alƙalami. Wani akawu ne ya jera sunayen, wani hedimasta ya sa hannu, wata malama ta ja layi a rajista ta ci gaba da darasin lissafi. Mu da akasarinmu aji za mu nufa bayan digiri, ko muna cikinsa tuni, a nan ne labarin ya kama mu. Da farko mun karanta shi muna ganin kanmu a matsayin yarinyar. Daga baya muka lura cewa kujerar da muke zaune a kai ta malamar ce.

Korar makaranta kuwa mafari ce kawai. A Disamba 1943 ita da mahaifinta suka yi ƙoƙarin tsallakawa Suwizalan, aka maido su. Ranar 30 ga Janairu 1944 aka cusa su cikin tarago daga ƙarƙashin babbar tashar jirgin ƙasa ta Milan zuwa sansanin Aushwits. Da isarsu aka raba ta da mahaifinta, ba ta sake ganinsa ba. Shekarunta goma sha uku. Ta tsira, ta koma gida, ta yi shekaru fiye da arba'in ba ta buɗe baki a bainar jama'a ba, sai wajen 1990 ta fara zagaya makarantu tana ba ɗalibai labari. Da aka mayar da wannan wuri na ƙarƙashin tasha gidan tunawa, kalmar da ta nemi a zana a bangon shiga kalma ce guda ta Italiyanci mai ma'anar halin ko-in-kula.

A 2018 Shugaba Sajiyo Matarella ya naɗa ta sanata ta tsawon rai. Ranar 13 ga Oktoba 2022, tana da shekara 92, ita ta jagoranci zaman farko na sabuwar majalisar dattawan Italiya, a watan da hawan Musolini mulki ya cika shekara ɗari. Daga kan wannan kujera ta tuna wa sanatocin da yarinyar nan ta 1938 da bencin da ta bari ba kowa.