Nasiha ga mai shirin sayen gida ko fili

'Ya'yana, kaka ta yi, masara ta shiga buhu, auduga da waken suya sun kama hanyar kasuwa. Na san abin da ke ran da yawanku: a sayar da amfanin bana a Ɗandume ko Bakori, a haɗa da na bara, a kama gida ko filoti a Funtuwa ko Malumfashi. Allah ya cika buri. Tun da rashin tsaro ya koro 'yan'uwanmu daga ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, fili a gari ya yi tsada, masu neman abin duniya ta kowace hanya kuma suka yi yawa. Don haka ku ba ni aron kunnuwanku.

Ku fara sanin abin da kuke saye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mu a Arewa abin ba baƙo ba ne, don Turawa sun kafa irin wannan tsari tun 1910, gwamnatin Sardauna kuma ta sabunta shi a 1962. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne da amfani, mai wa'adi da sharuɗɗa. Takardar nan da ake kira C of O, in ta gidan zama ce, yawanci wa'adin shekara 99 take ɗauke da shi, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka ba mai gidan na farko. Gidan da ya samu takarda a 1980, zamanin muna tsohuwar jihar Kaduna kafin a ƙirƙiro Katsina a 1987, wa'adinsa 2079 ne, ko yau ka saye shi. Akwai kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara, kuma bashinsa yana bin gidan duk hannun da ya shiga. Filin da aka bayar don zama ba a mai da shi gidan mai ko masana'anta sai da izini. In kuma gwamnati ta buƙaci wurin don hanya ko makaranta, tana da ikon karɓa, diyyar gini da shuka za ta biya.

Mai sayen shago ko sashe guda a bene, nasa ya fi buƙatar lura, don ƙasar da ginin yake kai tana hannun wani. Shagon kasuwar ƙaramar hukuma takardar rabo gare shi, mai shi ɗan haya ne ko da ya shekara talatin a ciki. Ka tambaya shekara nawa suka rage. Ka tambaya wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, wa zai kwashe masai, wa ke da rijiyar burtsatse da matakala. Kana da ikon sa ɗan haya ko sayarwa? In wa'adi ya cika, sabuntawa za a yi ko fita? Duk amsar da ba ta shiga takarda ba, ka ɗauka ba a ba ka ita ba.

Sai batun amincewar hukuma. Doka ta ce mai takardar gwamna ba ya sayarwa ko jinginarwa sai gwamna ya amince, gonar ƙauye kuwa sai ƙaramar hukuma. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar bankin Savannah da Ajilo saboda ba a nemi wannan amincewa ba. In banki da lauyoyinsa sun faɗi a wannan rami, ina ga manomi? Ba na raina shaidar mai unguwa da dagaci. Su suka san asalin gona, su suka san inda kukar iyaka take da wanda ya dasa aduwar da ta raba ta da ta maƙwabta. Ka nemi shaidarsu, sannan ka wuce gaba zuwa hukuma.

Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne gidan gado. Ina zaune a zaure aka yi cinikin wani gida da wani maƙwabcina ya saya. Aka yago takarda daga littafin ɗan makaranta, aka rubuta layi shida, babban ɗan mamacin ya dangwala yatsa, shaidu biyu suka dangwala, aka raba goro aka shafa fatiha. Ba wanda ya ce a kawo takardar rabon gado. Maƙwabcin nan ya sayar da shanun nomansa ya sake rufi, ya yi dabe, ya sa ƙofar ƙarfe. Damina biyu da yin haka sai ga ƙanwar mai sayarwa ta dawo daga inda take aure, da ita da marayun wani ƙanensu. Alƙali ya bincika ya tarar ba a taɓa raba gadon ba, ya ce mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba, kason babban ɗan kaɗai cinikin ya hau. A mazhabarmu ta Malikiyya ma abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe kason. Mai sayarwa kuwa ya riga ya cinye kuɗin. Na ga dattijo yana share hawaye da bakin rawaninsa a ƙofar kotu, kuma ba wanda zai ce matar nan da marayun sun zalunce shi.

Shi ya sa nake cewa ka ɗauki lauya, kuma naka na kanka. Kada ka yarda da wanda mai sayarwa ko dillali ya kawo. Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa. Ka nemi lauyan da ya saba da aikin filaye, wanda wani da ka yarda da shi ya taɓa gwadawa. Lauya na gaskiya sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma yana manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai ɗauke da sunansa a takardar da ya rubuta. Doka ta hana wanda ba lauya ba ya rubuta takardar cinikin fili don a biya shi, saboda haka mai shagon kwamfuta ba lauya ba ne. Ku yi tsadar aiki tun farko, ya faɗa maka nasa da na gwamnati daban daban.

Ka lura da abin da zai fara yi. In ya zauna rubuta yarjejeniya kafin ya je Ma'aikatar Filaye a Katsina ya buɗe fayil, nemi wani. Aikinsa ya gano ko sunan da ke fayil shi ne na mai sayarwa, ko gidan yana jingine a banki, ko akwai ƙara a kansa, ko ya faɗa cikin filin da gwamnati ta keɓe. Ya sa mai safiyo ya auna ya nemo duwatsun iyaka, ya ba ka sakamako a rubuce. In gado ne, kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, marayu kuma ta hannun waliyyin da kotu ta sani. Ba a cinikin biri a sama. Kuɗi ta banki za ka tura, zuwa sunan da ke takarda, kuma ka riƙe wani kaso sai an miƙa maka takardun asali da makulli. Daga nan a biya kuɗin hatimi, a nemi amincewa, a yi rajista da sunanka.

Wani zai ce wannan rashin yarda ne tsakanin musulmi da ɗan'uwansa. Ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kai da mai sayarwa kun san juna, amma 'ya'yanku da za su gaji maganar ba su halarci zaman ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin bincike. Wanda ya ce maka yau ko gobe wani zai ɗauka, bar masa ya ɗauka. Guminku na shekaru ne a ciki, 'ya'yana, kada ku miƙa shi cikin gaggawa. Allah ya ba ku halaliyarku, ya tsare ku da cin haƙƙin maraya.