Rufe Bakin Jiyawzi

A arewacin ƙasar Sin, a daren jajiberin sabuwar shekararsu, iyali kan taru su yi ta naɗa jiyawzi, wato ƙullin alkama da ake cusa wa nama da kabeji, Musulminsu na ƙabilar Hui kuwa naman rago ko na sa suke sakawa. Kuma wanda ya lura da hannuwansu zai tarar da hikima tun daga murza ƙullin, domin tsakiyarsa, wadda za ta ɗauki nauyi, akan bar ta da kauri, gefensa kuwa, da yake ninkuwa zai yi, sai a sirantar da shi.

In an ɗora nama, sai a fara matse tsakiyar bakin, sa'an nan a bi ɓangare guda kaɗai da ƙananan tattara, har abin ya tanƙware kamar jinjirin wata, ya zauna daram da gindinsa. Sharaɗi guda ne ba a sassautawa: kada maiƙo ya taɓa leɓen, in ba haka ba ba zai kama ba, kuma a cikin tafasasshen ruwa asiri zai tonu. Ni dai, a nazarina, haɗamar mai cika nama fiye da kima na fi ɗora wa alhakin yawancin waɗanda suke fashewa.