Yawon Ɗaukar Hoto a Cikin Birnin Kano

Sabo da wuri yakan rufe wa mutum ido. Sai ka tarar an haifi mutum a unguwa, ya girma a cikinta, amma in an tambaye shi irin zanen da ke jikin zauren maƙwabcinsa sai ya yi zuru. Wannan ne ya sa nakan ware safiyar Asabar, in ɗauki 'yar kyamarata, in shiga lungunan da ke kewaye da Kasuwar Kurmi a ƙafa, ba tare da gaggawa ba. Mai neman abin da zai ɗauka dole ya tsaya ya duba.

Kasuwar Kurmi dai an kafa ta ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Baƙin da ta jawo sun bar sawunsu a sunayen unguwanni. Akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa, kowace tana faɗin asalin waɗanda suka fara zama a cikinta. Alfindiki kuwa kalma ce da aka aro daga Larabci, ma'anarta masaukin fatake. Dandalin Turawa ma ya samo sunansa ne daga Larabawan Arewacin Afirka, domin su aka fara kira Turawa kafin zuwan Nasara. Duk allon da na ɗauka mai ɗauke da irin waɗannan sunaye, darasi ne a kan aron kalmomi da sauyin ma'ana.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban tsofaffin soraye. Nakan ɗauki zankwayen da ke tsaye a kusurwoyin rufi, da indararon da ke zubar da ruwan sama nesa da bango, da dagin da magini ya zana a saman ƙofa. In maigida ya yarda na shiga zaure, sai in ɗaga kai in ɗauki ɗaurin guga da jerin azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cinta. Wani dattijo ne ya nuna mini ragowar makuba a jikin katangarsa, ya ce da kwasfar ɗorawa ake haɗa ta don kada ruwa ya ci ginin. Bayan shekara biyu da na sake bi ta wurin, sai na iske an rushe gidan, an tayar da na bulo da kwano. Ranar da na nuna hoton a aji, ɗalibai ƙalilan ne suka iya faɗin sunan zanko, makuba kuwa ba wanda ya taɓa jin ta. Ashe in abu ya ɓace, sunansa ma yakan bi shi, sai dai a neme shi a ƙamus.

Bango ma yana da abin da zai koya wa malamin Hausa. Sau da yawa na ɗauki inda aka rubuta "ba'a fitsari anan" a maimakon "ba a fitsari a nan", ko allon tela da ya rubuta "dinki" ba lanƙwasa. A gefe guda kuma ga masu maganin gargajiya suna tallar hajarsu da ajami. Waɗannan hotuna sun fi misalan da nake ƙirƙira a allo tasiri wajen koyar da ƙa'idojin rubutu, domin ɗalibi yana gane bangon unguwarsu.

Sai dai wannan yawo yana da ladubbansa. Kyamara ba ta riga sallama. Nakan fara gaida dattawan da ke kan dakali, in ce, "Baba, ko ka yarje mini in ɗauki hoton ƙofar nan?" Ba na ɗaukar mata, ba na ɗaukar kowa sai da izininsa, kuma inda aka rubuta "ba shiga", nan ne iyakata. Galibi ma tambayar ce ke buɗe hira, hirar kuma ta fi hoton daraja.

Kai da za ka zama malami gobe, wayar da ke aljihunka ta isa wannan aiki. Ka fita da ɗalibanka unguwar da makarantarku take, kowa ya ɗauko abu biyar, ya tambayi manya sunansu da amfaninsu, sannan ya rubuta su bisa daidaitacciyar Hausa. A yi haka tun masu sanin sunayen suna raye.