Buttercup, Gambon 'Yan Uku

  

Yau maganar wata 'yar katun zan yi. Na san akwai wanda zai karanta ya ce ji ƙato da gemunsa ya zauna yana rubutu a kan katun, katun ɗin ma na yara mata. To na ji, amma a bari in kai aya tukuna. Sunanta Buttercup, ita ce mai koren kaya da gajeren baƙin gashi a cikin 'yan ukun nan na The Powerpuff Girls, wadda kullum za ka gan ta ta harɗe hannu a ƙirji ta ɗaure fuska kamar an ci bashinta an hana. Duk cikin jaruman katun da na kalla, maza da mata, babu wadda ta zauna mini a rai kamarta.

Ga wanda bai san katun ɗin ba, na Amurka ne. Wani mai zane, Craig McCracken, ya fara zana yaran tun yana ɗalibi a wata makarantar koyon zane a Kalifoniya, daga baya tashar Cartoon Network ta fara nuna shi a watan Nuwamba na 1998, aka yi ta yi har 2005, kashi 78, galibinsu kowanne da labari biyu. Labarin shi ne, wani masanin kimiyya mai suna Farfesa Utonium, gwauro ne ba mata ba ɗa, yana son 'ya'ya mata, sai ya zuba sukari da kayan yaji da tarkacen abubuwan da yara mata ke so a tukunya yana gaurayawa. Cikin kuskure wani sinadari da ake kira Chemical X ya tsiyaye a ciki, tukunya ta yi bindiga, sai ga yara uku masu manyan idanu, suna tashi sama, suna iya ɗaga mota da hannu ɗaya. Ƙanzon kurege ne dai, kada wani malami ya tsare ni a ƙofar masallaci, ko Gizo da Ƙoƙi ba a tambayarsu hujja. Da safe yaran suna makarantar rainon yara, in Magajin Garin Townsville ya bugo waya su tashi su je su casa ɓarayi ko dodanni ko wani biri mai ƙaton kai da ake kira Mojo Jojo, kafin lokacin barci sun dawo gida.

Mu a Sabo ta Ibadan wajen 2008 muka san su, a falon wani maƙwabcinmu Bayerabe da ke da DStv, in an ci sa'a NEPA ba ta ɗauke wuta ba. Daga baya Baba ya sayo mana irin faifan nan da ake cusa katun barkatai a ciki. Turancinmu a lokacin bai kai ya kawo ba, sunayen ma sun yi mana nauyi a baki, don haka muka raɗa musu namu. Mai jan ribom, Blossom, ita ce Hassana. Mai shuɗin kaya da kuka ba wuya, Bubbles, ita ce Usaina. Mai koren nan kuwa ba a yi gardama ba, kowa ya ce Gambo. 'Ya'yan maƙwabcin namu suka ce su a wajensu Idowu ce, wato wanda aka haifa bayan tagwaye, kuma abin mamaki su ma sun yarda mai wannan suna ba ya jin bari, kamar yadda mu ma ake faɗa a kan Gambo. Yara ne mu, amma ashe mun harbi daidai, don sai da na girma na kalli babban fim ɗinsu na 2002 na ga yadda aka raɗa musu suna.

Ga yadda abin ya faru. Yaran sun fito, Farfesa ya tsaya a gabansu. Ta farko ta yi masa magana kai tsaye ba ɗar, sai ya ce tunda ta buɗe masa zuciya kamar fure, sunanta Blossom, wato huda ko tohon fure. Ta biyu ta ƙyalƙyale da dariya, ya ce ita Bubbles, wato kumfa, saboda fara'arta. Ta uku tana tsaye tana murmushi, tana jiran a faɗi nata abin yabon. Farfesa ya ɗan yi tunani ya ce ita kuma Buttercup, saboda shi ma sunan da harafin B ya fara. Shi ke nan dalilin. Nan take murmushin ya ɓace, ta harɗe hannu, ta ɗaure fuskar nan da muka san ta da ita. Masu fim sun yi shi don a yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi daga baya abin ya tsaya mini. Biyu an dube su an ga wani abu a tare da su, ta uku an ba ta abin da ya rage. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san akwai irin wannan ɗan, wanda ba na fari ba ne balle a ji da shi, ba auta ba ne balle a shagwaɓa shi.

Akwai wani kashi da ya ƙara fito da wannan. Blossom tana da baiwar da ita kaɗai ke da ita, tana hura iska ta zama ƙanƙara. Bubbles tana jin yaren dabbobi. Buttercup ta ce to ita fa? Ta yi ta gwada abubuwa iri iri, duk wanda ta yi sai 'yan uwanta su yi irinsa. Da haushi ya ishe ta sai ta zaro musu harshe, ta naɗe shi. Ashe duk garin Townsville babu mai iya naɗe harshe sai ita. Abin ba ya kashe dodo, ba ya kashe wuta, ba ya tsinana komai, amma ka ga murnar da ta yi kamar an ba ta kujerar Makka. Yarinyar da ta fi kowa ƙarfin naushi, abin da take nema kawai a ce ga wani abu nata ita kaɗai.

Sai kuma maganar bargo. Wannan jarumar da ke shiga bakin dodo ba ta ƙifta ido, ashe tana da wani ɗan koren bargo da take ɓoyewa. In an dawo daga faɗa sai ta sulale ɗaki ta rungume shi tana gaya wa kanta ita gwanar faɗa ce. Ranar da bargon ya ɓata kasa komai ta yi. Abin da ya burge ni shi ne abin da Blossom ta yi: ta samo wani bargon ta miƙa mata ta ce ga shi an gani, Buttercup ta tashi ta yi wa dodon dukan kawo wuƙa. Wannan Blossom ɗin fa ita ce wadda ba sa kwana biyu ba su yi cacar baki ba.

Don gaskiya zamansu ba na lallashi ba ne. Blossom ita ce shugaba, mai tsari, mai cewa a tsaya a yi shawara. Buttercup kuma a wajenta shawara ɓata lokaci ce, a daki abu kawai a wuce wurin. Bubbles kuwa ta sha tsokana a hannunta, ta kira ta jaririya, ta tsorata ta, har allin zanenta ta taɓa farfasa mata. Akwai wani shaiɗani ja a katun ɗin da ba a kiran sunansa, sai dai a ce Him, wato Shi. Da ya ga ba zai iya da su ta ƙarfi ba, sai ya shiga cikin 'yar tsanar Bubbles yana raɗa mata cewa ai Buttercup ce ta fi cancanta da shugabanci. Magana ta isa kunnen Buttercup, gida ya kama da wuta, ita da Blossom suka koma ba ga maciji. Amma da 'yar tsanar ta rikiɗe ta zama dodo ta cafke Bubbles, ihu ɗaya ta yi, su biyun suka manta da wata maganar shugabanci suka taho a guje. Ko ba komai wanda ya rubuta wannan ya san gidan 'yan mata, ya kuma san aikin munafuki.

Ba zan wanke ta tas ba. Ta taɓa ƙin wanka har mutanen gari suka kore ta saboda wari. Ta taɓa gano cewa ana ba yara kuɗi in haƙorinsu ya fita, sai ta bi mugayen gari tana zubar musu da haƙora ba laifin tsaye ba na zaune, tana tara kuɗi, kuma ta sha sakamakon abin da ta yi. Wannan zalunci ne, ko a katun.

Amma a dubi kashin da ta kamu da son Ace, shugaban 'yan iskan nan masu koren fata da ake kira Gangreen Gang. Ya yi mata daɗin baki, irin wanda ba ta saba ji ba, ta riƙa sulalewa da dare tana zuwa wajensu a juji. Shi kuwa dabara ce, ya riƙe ta da hira yaransa su hallaka 'yan uwanta. Da idonta ya faɗa kan halin da Blossom da Bubbles ke ciki, ba ta tsaya tambaya ko kuka ba. Ta fizgo su daga bakin mutuwa, ta juyo kan Ace da mutanensa ta yi musu lilis, sannan ta rungume 'yan uwanta. Ita ce kuma aka taɓa cewa ta ba wani yaro ɗan ajinsu haƙuri bayan ta ci masa fuska, kalmar ta maƙale mata a wuya kamar ƙashin kifi, sai da yaron ya zama dodo ya kama 'yan uwanta sannan ta iya furta ta. In ka lura, duk inda Buttercup ta sauko daga dokin zuciya, to 'yan uwanta ne a cikin haɗari.

Abin da ya sa duk wannan ya dame ni, a gidanmu akwai ta. Mata uku ne a ɗakinmu: Yaya Babba, sai ƙanwata mai bi mini, sai Auta. Yaya Babba ita ce ta hannun daman Inna, ita ake ba ajiyar kuɗin cefane, ita ake misali da ita a unguwa. Auta kuwa ko tari ta yi sai Baba ya aiko daga rumfa a ji lafiya. Mai bi mini tun tana ƙarama sunanta mai taurin kai. Ita ce ke faɗa a layin famfo in an ture bokitinmu. Ita ce ta bi wani yaro har ƙofar gidansu da ya fizge wa Auta hijabi a hanyar Islamiyya, ta zazzaga masa Yarabancin da ko uwarsa sai da ta fito ta tsaya kallo. Da ta dawo gida ita aka yi wa faɗa, wai mace ba ta haka. Auta da aka rama wa kuwa aka saya mata alewa don ta yi shiru.

Ban taɓa jin ta ce wa Yaya Babba yi haƙuri ba. In sun yi faɗa, sai dai da asuba Yaya ta tarar an wanke mata kaya an shanya. A 2022 Yaya Babba ta haihu a Shagamu inda take aure, haihuwar ta zo da wahala har aka yi mata aiki. Kwana biyu kafin nan sun yi kaca-kaca a waya a kan wani atamfa. Labari na isowa, muna nan ana shawarar wa zai tafi, wa zai zauna da Inna, kuɗin mota nawa ne, sai aka nemi mai bi mini aka rasa. Ashe tuni ta kai tasha. Kwana arba'in ta yi a can, ita ce wankan jego, ita ce kunun kanwa, ita ce tsayuwa a kan ma'aikatan asibiti har sai an duba Yaya a kan lokaci. Mijin Yaya da kansa ya ce da ba ta zo ba bai san yadda zai yi ba. Da ta dawo Inna ta sa mata albarka, ita kuwa ta ce ai dama ta gaji da zaman Sabo ne ta je shan iska.

Yanzu maganar da ake yi a dangi ita ce a tura ta Arewa wajen gwaggonmu, wai ta koyi sanyin hali, don an ce masu zuwa neman aure suna jin labarin bakinta su janye. Ni dai na gaya wa Baba ra'ayina, cikin ladabi, muna rumfa muna zaɓen goro. Na ce Baba, wanda ya ji labarin bakinta ya gudu, bai ji labarin Shagamu ba ne, kuma in aka kai ta Arewa aka sanyaya ta, ranar da wani abu ya sami Auta a gidan miji wa zai kai tasha kafin a gama shawara? Baba bai ce komai ba, ya ci gaba da ware fari da ja. Amma har yau ba a sa ranar tafiyar ba.

Af, na manta ban faɗa ba, an sake yin katun ɗin a 2016 da sababbin masu murya, na kalli kaɗan na bari. Muryar Buttercup ta asali, wadda wata mata E. G. Daily ta yi, mai ɗan kaushi kamar ta wanda ya kwana yana ihu a filin ƙwallo, ita ce Buttercup a kunnena.

Kwanan baya na samo tsofaffin a waya, muka zauna tsakar gida da Auta da mai bi mini muna kallo bayan isha'i. Na tambayi mai bi mini wacce ta fi so a cikin ukun, ina jiran amsar da na riga na sani. Ta ce ita tun tana yarinya Bubbles take so, waccan mai koren kayan masifarta ta yi yawa. Auta ta yi dariya har da faɗuwa daga kan tabarma, ita kuwa ta kai mata dundu ta ce a mayar da shi baya, an sa ta rasa wajen da ake dukan birin.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu. A gaida mutan gida. Wassalam.